Bindiga ma tana gajiya: abin da ɓarin wuta ke yi wa bututu

Ran 13 ga watan Yuli na shekara ta 2008, tun kafin gari ya waye, mayaƙan Taliban kimanin 200 suka auka wa wani ƙaramin sansanin askarawan Amurka a ƙauyen Wanat, cikin duwatsun gabashin Afganistan. Soja 9 suka mutu, 27 suka jikkata. Da aka zo tattara bayanan waɗanda suka tsira, sai wata magana ta yi ta maimaituwa: ana tsakiyar ba-ta-kashi bindigogi suka yi zafi, waɗansu suka ƙi tashi. Wani soja ya ce ya harba gidan harsashi wajen 12 cikin kamar rabin awa, daga nan bindigarsa M4 ta cije.

Wanda ya saba ganin faɗa a silima zai yi mamaki, don can jarumi ba ya ɗaga yatsa daga kan kunama. Gaskiya ne M4 tana iya fitar da harsashi 700 zuwa 950 a minti ɗaya, Kalashnikov kuwa wajen 600, watau gidanta mai cin 30 yakan ƙare cikin daƙiƙa 3. Amma littafin horon sojan Amurka ya ƙayyade 12 zuwa 15 kacal a minti ga wanda zai daɗe yana harbi. Harsashi 360 cikin minti 30 bai wuce wannan ƙa'ida ba a takarda. Sai dai faɗa ba ya raba harbi daidai wa daida, kuma wanda aka yi wa ƙawanya ba ya duban agogo.

Duk maƙeri ya san dalili. In albarushi ya kama, wutarsa takan haura digiri 2.000, alhali ƙarfe yana narkewa ne wajen digiri 1.500. Ƙarfin iskar da ke tura harsashi ya fi nauyin tan 3 a kan ɗan wurin da bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Abin da ke ceton bututu shi ne gajartar lokaci: harsashi yakan fice cikin kusan kashi 1 bisa 1.000 na daƙiƙa. Ashe bututun da ya harba 10.000 aikin daƙiƙa 10 kawai ya yi a duk rayuwarsa. In akwai tazara tsakanin harbi da harbi, ƙarfe yakan sha iska. In babu, zafi ya hau kan zafi, ƙarfen ya yi laushi, iskar albarushi ta riƙa zaizayarsa kamar yadda ruwan kwari ke cin gaɓa.

Ba daga baki lalacewar ke somawa ba. Daga maƙogwaro take farawa, daidai inda harsashi ke barin kwansonsa. Can ne ƙarfe ke tsattsagewa kamar ƙasan tabkin da ya ƙafe, can ne kuma tsagar nan mai murɗiya, wadda ke sa harsashi juyawa don ya tafi sak, take fara shafewa. Daga waje bindiga tana ƙyalli, mai ita yana alfahari da ita, alhali harsashinta ya rage gudu, yana warwatsuwa, wani ma ya isa a karkace. Don rage wannan ɓarna da ta tsatsa ake shafa wa cikin bututu ƙarfen kurom, darasin da Amurkawa suka koya da tsada a Biyetnam, inda M16 ta farko ta yi ta cijewa har majalisarsu ta yi bincike a 1967.

Mafi haɗari shi ne harsashin da aka bari cikin bindiga mai zafi. Albarushi ba ya buƙatar digiri 200 kafin ya kama da kansa. Soja ya gama ɓarin wuta, ya sauke hannu, ya juya wajen abokinsa. Harsashin da ke ciki yana nan yana gasuwa, sai kawai a ji ƙara ba wanda ya taɓa kunama. Saka makullin kariya ba ya hana wannan, tun da ba ta hanyar kunama wutar ta zo ba. Shi ya sa akasarin bindigogi masu jigida ake ƙera su yadda harsashi ba ya shiga mazauninsa sai lokacin harbawa. Vickers ta Ingilishi, a yaƙin 1914, rigar ruwa aka yi mata mai cin wajen lita 4, ruwan yana tafasa bayan harbi 600. MG42 ta Jamusawa kuwa bututun ake sauyawa ɗungurungum cikin ƴan daƙiƙoƙi.

Ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke sa hannu kan takardun saye za su fi gane labarin G36, bindigar da sojan Jamus suka soma riƙewa wajen 1997, wadda kuma suka zo da ita har Gao ta ƙasar Mali. Daga 2012 aka fara ƙorafin cewa in ta yi zafi, ko da harbi ko da rana, saitinta yakan gushe; da yawa suka ɗora laifin kan robar da ke riƙe da gindin bututun. A watan Afrilu na 2015 ministar tsaro, Ursula von der Leyen, ta bayyana cewa bindigar ba ta da sauran makoma cikin rundunar, gwamnati kuma ta nemi diyya. Kamfanin Heckler & Koch ya garzaya kotu. A watan Satumba na 2016 kotun birnin Koblenz ta ba kamfanin gaskiya: abin da aka rubuta cikin yarjejeniyar saye shi ya kawo, kuma ba a rubuta masa sharaɗin dogon ɓarin wuta a ƙasa mai zafi ba. Hukuncin bai ce bindigar ba ta da aibu ba. Cewa ya yi mai saye bai tambaya ba. Bindigar da aka zaɓa daga baya don ta gaji G36, wato HK416, ita ma daga wannan kamfanin aka sayo ta.