Ko Kun Sani? Kwalejin Harsuna Uku ta Leuven

A shekarar 1517, wani malamin coci mai hannu da shuni, Jerome Busleyden, ya rasu ya bar wasiyya cewa a gina makaranta da dukiyarsa a Leuven, garin jami'a da ke Beljiyam ta yau. Aikinta shi ne koyar da Ibrananci da Helenanci da Latin, kuma kyauta.

A lokacin, malaman Turai sun shafe kusan shekara 1,000 suna karanta Littafi Mai Tsarki a fassarar Latin, alhali da Ibrananci aka rubuta galibin Tsohon Alkawari, Sabon Alkawari kuwa da Helenanci. Shehin malami Erasmus, wanda ya buga Sabon Alkawari da Helenanci a Basel a 1516, shi ya tsaya kai da fata har aka cika wasiyyar, duk da cewa wasu malaman tauhidi na jami'ar sun ja daga, suna ganin komawa ga asalin nassi zai raunana tsohuwar fassarar.

Kwalejin ta yi suna, har Sarkin Faransa ya kwaikwayi tsarinta a Paris a 1530.