Wa Ke Cin Gaɓar Kogin Challawa?

A garuruwan bakin ruwa irin su Fatakwal da Warri, idan gaɓa ta zube akan ɗora wani kaso na laifin a kan igiyar ruwan da jiragen dakon kaya ke tayarwa. Mu a Kano babu irin waɗannan jirage da ke ratsa kogunanmu, amma gaɓarsu na zubewa shekara bayan shekara. Namu jirgin tifa ce.

Ni mazaunin Gama ne a ƙaramar hukumar Nassarawa, kuma harkar gini ta sa hanyar Panshekara da ta Zariya sun zame mini kamar hanyar gida. Duk wanda ya leƙa ƙasa daga gadar Tamburawa da rani zai ga abin da nake nufi: tifofi a jere cikin kogi, samari na loda yashi da shebur tun daga asuba, wani wurin ma katafila ce ke yin lodin. Yashin nan shi ne bulon Sharaɗa, shi ne filastar Hotoro, shi ne dakin na gidajen saman da ke ta tashi a birni.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kogin ya daina mayar da abin da ake ɗiba. A da, kowace damina ruwa kan gangaro da sabon yashi daga sama ya cike gurbin. Amma tun da aka gama dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kuma kammala na Challawa Gorge a ƙasar Ƙaraye a 1992, yashin da ke tahowa daga sama sai ya kwanta a bayan dam. Ruwan da ake saki yana fitowa ba ya ɗauke da komai, da ƙarfinsa, sai ya riƙa kankaro abin da zai ɗauka daga ƙasan kogi da gefensa. Ga dam ya tare daga sama, ga tifa na kwashewa daga ƙasa. Cikin kogi na ƙara zurfi, gaɓa na ƙara tsayi, gindinta na rarakewa. Ranar da aka tafka ruwan Agusta, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, sai ta rufta gaba ɗaya, wani lokaci har da bishiyar mangwaron da ke kai.

Mai asara na farko shi ne manomin rani. Lambun da ya gada ya tafi, kuma babu takardar da za ta dawo da shi. Ko wanda gonarsa ta tsira bai huta ba, domin idan kogi ya yi zurfi ruwan ƙarƙashin fadama ma sai ya bi shi ƙasa, rijiyar da ake samun ruwa a kusa ta koma sai an ƙara haƙa. Abin ya fi ci mini rai idan na tuna cewa manomin nan dama yana fama da dagwalon kamfanonin fata da na saƙa, wanda ke fitowa daga Sharaɗa ta rafin Salanta, da wanda masana'antun Challawa ke zubarwa. Kuma a bakin Kogin Challawa da Kogin Kano ne matatun ruwa na Challawa da Tamburawa suke, inda famfunan birni ke samun abin da suke samu.

Sauyin yanayi kuwa ya zo ya tarar da aiki a buɗe. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya dawo, amma da wani hali daban. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa haduran da suka fi ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwan da ya kamata ya sauka a hankali cikin kwanaki, yanzu dare ɗaya yake juyewa.

A ɓangarenmu na Nassarawa labarin ya ɗan bambanta, amma tushen ɗaya ne. An cike kududdufai an yi gini, an shimfiɗe tsakar gidaje da siminti, ruwan sama ya rasa inda zai nutse, sai ya kama gudu. Rafin Getsi, mai kwashe ruwan Bompai ya kai Jakara har dam ɗin Wasai, ba a halicce shi don wannan nauyi ba. Kwazazzabon Bulbula da Gayawa, tsakanin Nassarawa da Ungogo, ya cinye gidajen bayin Allah tun kafin a sa shi cikin ayyukan ACReSAL, shirin da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa.

Ba na goyon bayan a ce kawai a hana ɗibar yashi. Dubban gidaje na ci daga shebur ɗin nan, kuma garin ba zai daina gini ba. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Muhalli ta jiha da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are shi ne su shata wuraren ɗiba, su ƙayyade zurfi, su haramta haƙa kusa da gada da matatar ruwa da gindin gaɓa, su kuma sa masu unguwanni da ƙungiyar masu tifa cikin tsaron dokar. Daga kuɗin da ake karɓa a kan kowace tifa, a ware wani abu a dasa jema da gamba a gaɓar da ta rage, tun daga Panshekara har Tamburawa, kafin damina mai zuwa.