Allurar Siminti a Ƙashin Baya: Wa Take Yi wa Amfani?

Akwai wani irin ciwon baya da yake kama tsofaffi, musamman iyayenmu mata, wanda ba na gajiya ba ne. Tsohuwa za ta sunkuya ta ɗauki bokitin ruwa, ko ta yi tari mai ƙarfi, ko ta zame ta zauna daɓas, sai ta ji abu ya soke ta a tsakiyar baya. Daga ranar nan ko juyi a kan gado ya zama aiki. Mukan ce tsufa ne, a shafa man zafi. Amma sau da yawa gaɓa ɗaya ce daga cikin gaɓoɓin ƙashin baya ta burma.

Abin da yake kawo wannan shi ne zaizayewar ƙashi. Bayan mace ta daina al'ada, ƙashinta yakan riƙa raguwa daga ciki, kamar itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Maza ma ba su tsira ba. An ƙiyasta cewa a duniya mace 1 cikin 3, da namiji 1 cikin 5, na waɗanda suka haura shekara 50, za su sami karaya saboda wannan ciwo. Idan gaɓoɓi da yawa suka burma, tsawon mutum yakan ragu, doro ya fito.

Yadda ake yin aikin

A shekarar 1984 waɗansu likitoci biyu a birnin Amiyan na ƙasar Faransa, Galibert da Deramond, suka fara ɗura wani irin siminti a cikin ƙashin wuyan wata mace mai ƙari a wurin, ciwonta kuwa ya lafa. Daga baya aka soma yin haka ga masu zaizayewar ƙashi. Ba simintin gini ba ne. Wani haɗi ne mai kama da roba wanda likitocin ƙashi suka daɗe suna liƙa gaɓar roba ko ta ƙarfe da shi.

Majiyyaci yakan kwanta rubda ciki, a kashe masa zafin wurin da allura. Likita yana duban hoton ƙashi a na'ura, sai ya shigar da allura mai kauri har cikin gaɓar da ta burma, ya ɗura simintin kamar cikin ƙaramin cokali. Kafin rabin sa'a ya daskare. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake fara hura ɗan balan-balan a cikin ƙashin domin a ɗaga shi kafin a ɗura. Dalilin aikin shi ne, idan tsagar ta daina motsi, zafin zai ragu. Mutane da yawa kuwa sun tashi washegari suna cewa sun sami sauƙi, har aikin ya bazu a Turai da Amurka.

Da aka gwada shi

Likitoci suna da wata tambaya da ba su wasa da ita: simintin ne ya kawo sauƙin, ko dama ciwon zai lafa? Domin a gane, a shekarar 2009 aka buga sakamakon gwaji biyu, ɗaya na mutum 78 a Ostareliya, ɗayan na mutum 131 wanda asibitin Mayo na Amurka ya jagoranta. Da yardarsu, aka raba majiyyatan kashi biyu. Kashi ɗaya aka ɗura musu siminti. Ɗayan kashin aka yi musu kwaikwayon aikin kawai: allurar kashe zafi, da danna baya, har aka buɗe haɗin simintin domin su ji warinsa, amma ba a ɗura kome ba. Ba wanda ya san abin da aka yi masa. Abin mamaki, dukansu sun sami sauƙi, kusan daidai wa daida.

Wannan ya ta da ƙura. Masu yin aikin suka ce yawancin waɗanda aka gwada karayarsu ta riga ta daɗe. Saboda haka aka sake wani gwaji a birnin Sidni, aka buga shi a 2016. Mutum 120 ne, dukansu karayarsu ba ta kai mako 6 ba, zafin kuma mai tsanani ne ƙwarai. Bayan kwana 14, kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa siminti zafinsu ya sauka sosai, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 21 ne. Amma a 2018 wani gwaji na mutum 180 a ƙasar Holan bai ga bambancin a zo a gani ba.

Abin da za mu iya riƙewa shi ne wannan. Yawancin irin wannan karaya takan warke da kanta cikin wata 2 zuwa 3, da maganin rage zafi da tashi a hankali. Siminti ba na kowa ba ne. Wanda ake sa ran zai amfana shi ne mai sabuwar karaya, wanda zafi ya kayar da shi duk da magani, hoto kuma ya nuna cewa daidai wurin da yake jin zafin ne ƙashin ya burma. Kusan waɗannan sharuɗɗa ne hukumar da ke tantance hanyoyin jiyya a Ingila ta gindaya a 2013.

Aikin kuma ba ya rasa haɗari. Simintin yakan tsiyaya waje da ƙashin. Galibi ba ya yin ɓarna, amma wani lokaci yakan danne jijiya, ko ya bi jini zuwa huhu.

Kafin a sayar da gona

'Yan'uwa, idan aka ce a kai mahaifiya babban asibiti, ko a fitar da ita Indiya ko Masar domin wannan aiki, bari mu yi wa likita tambaya huɗu cikin ladabi. Yaushe ƙashin ya burma? An ɗauki hoton MRI da ya nuna sabuwar karaya ce? An gwada magani yadda ya kamata? An kuma tabbatar ba wani ciwo ne ya ci ƙashin ba? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a wurinmu, gama tarin fuka yakan kama ƙashin baya ya burma shi, haka ma ciwon daji. Ba a ɗura siminti a ƙashin da ƙwayar cuta take ciki. Maganin tibi ne yake bukata. Kada kuma a kai irin wannan baya wurin maɗori a danna. Idan ƙafafu suka soma mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a tafi asibiti a ranar.

Ko an ɗura siminti, gaɓa ɗaya aka gyara, gara kuwa tana nan tana cin sauran. Wani bincike na 2001 ya nuna cewa mace 1 cikin 5 da ƙashin bayanta ya burma takan sake samun wata karayar cikin shekara guda. Saboda haka a roƙi likita ya duba ƙarfin ƙashin. Akwai magungunan ƙarfafa shi, kamar alendironet da ake sha sau ɗaya a mako. A ba tsofaffi nono da kindirmo, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da miyar kuka, da riɗi, da tamba. Su sha hantsi, su riƙa takawa, gama doguwar kwanciya tana ƙara raunana ƙashi. A guji shan deksametason ba da umarnin likita ba, ko don ciwon gaɓoɓi ko don neman ƙiba, domin yana zaizaye ƙashi. A gyara santsin banɗaki, a sa fitila a hanyar da tsohuwa take bi da dare.

Wadda ta goya mu a wannan baya ta cancanci mu san abin da yake damunsa kafin mu yarda a soka masa allura.