3.4 Matakan Kariya Wajen Binciken Matsalar Uwar Garke

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci suke dogaro da ita wajen ajiye bayanai da ɗebo su. Saboda haka idan ta sami matsala, ba mutum ɗaya abin yake shafa ba. A wannan sashe za a yi bayanin yadda ma'aikaci zai gano inda matsalar take, ba tare da ya cutu ko ya ƙara wata ɓarna a kan wadda ya tarar ba.

Abu na farko shi ne dubawa kafin taɓawa. Yawancin waɗannan na'urori suna da wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai zaman kanta, wadda take rubuta duk abin da ya faru, kamar hauhawar zafi ko tsayawar fanka. Kamfanin Dell yana kiran tasa iDRAC, HP kuwa iLO. Sau da yawa wannan rahoto shi zai nuna ɓangaren da ya lalace tun ba a ɗaga murfi ba.

Idan ya zama dole a buɗe, to danna maɓallin kashewa bai wadatar ba, domin akwai ragowar wuta da take ci gaba da shiga. Galibi uwar garke tana da akwatin wuta biyu, don haka wayoyi biyun za a zare. Shi akwatin ba a kwance shi, sai dai a sauya shi ɗungurungum, saboda kafasitar da ke cikinsa tana iya riƙe wuta mai ƙarfin bolt kusan 400 bayan an zare waya.

Haka kuma, jikin mutum yana tara lantarki, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe. Mutum ba ya jin tartsatsin sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 yana iya lalata wasu sassa. Shi ya sa ake ɗaura igiyar kariya a wuyan hannu, a maƙala ta jikin ƙarfen na'urar.

Amma babban haɗari yana wajen faifan ajiya. Akwai tsarin da ake kira RAID, wanda Patterson da Gibson da Katz suka bayyana a Jami'ar Kalifoniya ta Bakali a shekarar 1988, inda ake rarraba bayanai a kan faifai da yawa. A nau'in RAID 5, idan faifai ɗaya ya mutu aiki zai ci gaba, domin ana lissafo abin da ya ɓace daga sauran. Idan biyu suka fita kuwa, tsarin ya rushe ke nan. Alal misali, a faifai huɗu na uku ya lalace, sai ma'aikaci cikin gaggawa ya zare na biyu mai lafiya: da hannunsa ya jawo asarar da matsalar farko ba ta jawo ba. Wajibi ne ya kunna fitilar da ke nuna faifan, ya kuma gwada lambar jikinsa da wadda rahoto ya bayar. Bugu da ƙari, a tabbatar akwai kwafin bayanan a wani wuri kafin a sa sabo, domin sake ginin yana ɗaukar sa'o'i yana wahalar da tsofaffin faifan, kuma a wannan tsakani wani daga cikinsu yana iya mutuwa.