Ƙodar Ɗan Adam Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

'Yan'uwa mazauna Kurmi, akwai wani mugun ciniki da ya kamata kowane mai neman abinci a Ikko, da Badun, da Anacha, da Fatakwal ya san da shi, watau cinikin ƙodar mutum. Dillalan wannan haja ba sa kasa ta a kasuwa. Sukan bi matasa ne a tasha da bakin titi, su yi musu romon baka da alkawarin aiki a ƙasar waje.

Ga misali wanda duniya duka ta ji. A cikin watan Fabrairu na 1922 ba a san irin wannan ba, amma a Fabrairun 2022 aka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 21, mai tallar kayan wayar hannu a cikin baro a Ikko, aka kai shi London. Nufin waɗanda suka kai shi shi ne a cire ƙodarsa guda a dasa wa 'yar Sanata Ike Ekweremadu, tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa. Aka gabatar da shi a asibitin Royal Free a kan cewa ɗan'uwan yarinyar ne. Likitan da ya gana da shi ya lura yaron bai fahimci abin da za a yi masa ba, sai asibitin ya ƙi yin aikin. A watan Mayu yaron ya kai kansa ofishin 'yan sanda, bayan ya yi kwanaki yana kwana a titi.

Ranar 5 ga Mayu, 2023, kotun Old Bailey ta ɗaure Sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da wata 6, likitan da ya yi dillancin kuwa, Obinna Obeta, shekara 10. Wannan ne karo na farko da aka hukunta wani a Ingila saboda safarar mutum domin cire sashen jikinsa, a ƙarƙashin dokarsu ta hana bauta ta 2015.

To, kada wani ya ce wannan labarin manya ne. Yaron nan ƙauyensu ya baro ya zo birni neman na kansa, kamar yadda ɗan dako, da mai ruwa, da mai wankin takalmi, da ɗan acaɓa suka baro nasu. Talaucinsa da nisansa da dangi su ne suka sa aka yi sha'awarsa.

Lalle ne mai ciwon ƙoda abin tausayi ne. Wanda ƙodojinsa suka daina aiki sai an riƙa wanke masa jini da na'ura sau biyu ko uku a mako, kuɗin kuwa yakan cinye gida da gona. Uban da ya ga 'yarsa cikin wannan hali, ba abin da ba zai raya a ransa ba. Dashen ƙoda kuma ba laifi ba ne. An fara yinsa a ƙasar nan a asibitin St. Nicholas na Ikko a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi baya a 2002. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta halatta mutum ya ba da ƙodarsa kyauta domin ceton rai, muddin ba zai halaka kansa ba, amma ta haramta sayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana ciniki da sassan jikin mutum.

Waɗansu masu ilmin zamani sukan ce, tun da jikin mutum nasa ne, me zai hana ya sayar ya fita daga talauci? Amsar ita ce jiki amana ne, ba dukiya ba ce da mutum ya tara da guminsa. Ban da wannan, duk inda aka buɗe irin wannan kasuwa, hanya ɗaya ƙoda ta ke bi, daga jikin matalauci zuwa jikin mawadaci. Ba a taɓa jin attajiri ya sayar wa ɗan dako tasa ba. Yardar da yunwa ta tilasta kuwa ba yarda ba ce. Ranar da aka yanka wa ƙoda farashi, an yanka wa talaka farashi ke nan.

Gaskiya ne mutum yana iya rayuwa da ƙoda ɗaya. Amma mai bayarwa yana bukatar gwaji sosai kafin aiki, da hutu bayansa, da ganin likita a kai a kai. Dillali ba ruwansa da wannan. Kuɗin zai ƙare cikin 'yan watanni, in kuma ɗayar da ta rage ta kamu da ciwo, wa zai biya kuɗin wankin jinin? Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, da limaman masallatanmu, su riƙa faɗakar da yaran da ke sauka a hannunsu. Duk wanda ya yi maka alkawarin aiki a waje, sa'an nan ya ce sai an ɗebi jininka a asibiti ba tare da an gaya maka dalili ba, ka ja da baya. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, kada kuma ka yarda a kira ka ɗan'uwan wanda ba ka haɗa jini da shi ba. Ka gaya wa mai gidanka ko Sarkin Hausawa, a kai magana ga 'yan sanda ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane.

Gwamnati kuma nata shi ne ta sauƙaƙa kuɗin wankin jini, ta sa ido a kan asibitocin da ke yin dashe. Mu kanmu mu riƙa auna jini, domin hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, mu kuma rage shan magungunan kashe ciwon jiki na 'yan tebur barkatai. Rigakafi ya fi magani.

Mun baro gida ne domin mu koma da abin rufin asiri, da jikinmu cikakke yadda Allah ya ba mu. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.