Fela Sowande: Daga Kwayar Majami'a Zuwa Kujerar Jami'a

Duk wanda ya duba jerin kaɗe-kaɗen marigayi Fela Sowande zai ci karo da wani suna da zai sa ya tsaya, wato "Obangiji". Kalmarmu ce ta Ubangiji, Yarbawa suka ara suka sa a waƙoƙinsu na sujada, shi kuma ya ɗauki karin waƙar ya gina babban kiɗan ogan a kansa. Wannan ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wannan bawan Allah.

An haife shi a shekarar 1905 a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa limamin Angilika ne. Tun yana yaro ya shiga kwayar babbar majami'ar Christ Church ta Legas, inda Dakta Ekundayo Phillips ya koya masa ogan da sarrafa murya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi. Da piyano ya riƙa ciyar da kansa. A 1936 ya kaɗa a cikin "Blackbirds", wani wasan dandamali na waƙa da rawa wanda baƙaƙen Amurka suka gabatar a Landan, ya kuma yi aiki da shahararriyar mawaƙiyar nan Adelaide Hall. Wani zai ce ɗan limami ya ɓata ke nan. Ko kaɗan. A dandamalin nan ne ya ƙware wajen bin numfashin mawaƙi, ya san inda zai ɗaga shi da inda zai sassauta masa. Bai kuma yar da karatu ba: a 1943 ya sami babbar shaidar ƙungiyar makaɗan ogan ta Ingila.

Daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai kaɗa ogan kuma shugaban kwaya a majami'ar Metodis ta Kingsway Hall. Ka ji abin mamaki: Turawan da suka kawo mana waƙoƙinsu, ga su zaune suna sauraron karin waƙoƙin Afirka a tsakiyar Landan.

Ya dawo gida a 1953 ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, inda ya duƙufa wajen tattara waƙoƙin gargajiya kafin su salwanta. Ya yi aiki a Jami'ar Ibadan, a 1968 kuma ya koma Amurka, ya koyar a jami'o'in Howard da Pittsburgh da Kent State. Ya rasu a jihar Ohayo a 1987.

To, 'yan'uwa, ina darasinmu? Sowande bai raina karin gida ba, bai kuma yi wasa da horo ba. Mu fa? A ikilisiyoyi da yawa tsofaffin da suka san waƙoƙinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rubuta ko ya naɗa. Yaro mai baiwa kuwa sai a bar shi ya koyi kiɗa da ka, ba malami.

Muna roƙon dattawan ikilisiya su ware kuɗi don horar da shugabannin kwaya, iyaye kuma su daina ɗaukar kiɗa aikin marasa aikin yi. Wa ya sani, ko wani Sowanden yana zaune a bencin makarantar Lahadi a ƙauyenku.