Lauyan Hannun Jari: Aikin Da Ya Shafi Haƙƙin Marayu

Shin kin taɓa duba takardun da maigida ya adana a ƙasan akwati? Wata ɗalibata a Kurfi ta kawo mini wasu takardu bayan ta fita takaba, tana zaton rasit ne. Ashe shaidar hannun jarin banki ce da marigayin ya saya, ribarta na can tana taruwa, marayu kuwa kuɗin makaranta ya gagara.

Irin waɗannan takardu suna da yawa a gidajenmu. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25. Sai bankuna suka shiga sayar wa jama'a hannun jari, malamai da 'yan kasuwa suka yi ta saye. A 2008 farashi ya rushe, mutane da yawa suka jefa takardun akwati suka manta.

To a nan ne aikin lauyan hannun jari yake. Shi zai nemo wa magada takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci, ya bi kamfanin da ke riƙe da rajistar masu jari har a mayar da hannun jarin da sunansu, a raba bisa Shari'a. Idan dillali ne ya ci amana, ya kai koke hukumar SEC, in ta kama a je kotun musamman ta harkokin zuba jari. Rikicin cikin kamfani kuwa Babbar Kotun Tarayya ake kai shi.

Hanyar ba gajera ba ce: shekara biyar a jami'a, sannan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, kamar reshenta na Bagauda. Amma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Barista Ibrahim Shehu Shema, ɗan Dutsin-Ma, lauya ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya mulki Jihar Katsina daga 2007 zuwa 2015.

Uwargida, idan 'yarki na da kan lissafi da haƙurin karatu, ki nuna mata wannan fanni. Mace mai takaba ta fi sakin jiki ta faɗi damuwarta a gaban 'yar'uwarta mace. Kafin nan, yau da dare ki tambayi maigida inda takardunsa suke. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin maraya, amin.